Jirgin da Kawu Ya Shayar

Ku da kuke shigo min gareji ranar Asabar bayan an tashi daga Islamiyya, kuna ɗaga min jirage da hannu ɗaya kamar masu zaɓen doya a kasuwa, ku ajiye ku zauna. Makon jiya wani a cikinku, ba zan kama suna ba amma injiniya yake karanta kuma babansa mutumin Kumasi ne, ya dube ni ya ce, "Baba Bala, wannan ai firintar zamani mai ƙera abubuwa za ta fitar da shi kafin a gama shan shayi." Ban yi fushi ba. Na dai hana shi shayin.

Sana'ata ƙera ƙananan jiragen ruwa ce da katako, kwafin jiragen tsere masu ƙyallen da iska ke turawa, waɗanda attajiran zamanin da suka yi gasa da su a teku. Tsawon kowanne bai wuce daga kafaɗa zuwa yatsa ba, amma duk abin da ke jikin babban sai ya fito a jikin ƙaramin, har igiyar da ake ɗaure guga. In an gama sai a saka shi cikin akwatin gilashi, a ɗora a falo, masu gida su riƙa nuna wa baƙi. Kuma a Greensboro, nan Amurka, nake wannan aiki, garin da sai ka yi tuƙi ƙugunka ya riƙe kafin ka hangi teku.

Ni mutumin Yauri ne, a bakin kogi na tashi. Ƙanin mahaifiyata, Kawu Mamman, masassaƙin jirgi ne, irin jiragen da ke ɗaukar shanu da buhunan albasa su haye da su. Ina yaro ya so ya miƙa min gizago, na tsere na shiga makaranta, na zama malamin firamare, na ce ni da katako sai dai kujerar zama. Da matata Hajiya Rabi ta samu gurbin karatu a nan, na biyo ta da jaka ɗaya. Aikin farko da na samu shi ne fere ƙafafun kujeru a wani kamfanin kayan ɗaki. Da labari ya kai wa Kawu, an ce sai da ya ajiye gizago ya yi dariya har da riƙe ciki.

A kamfanin na haɗu da Mista Otis, wani dattijo baƙar fata da ke zaune a East Greensboro, mai ƙarancin magana. Da aka rufe kamfanin aka sallame mu, ya ce in zo in taya shi wani ɗan aiki a bayan gidansa. Na shiga na tarar da jirage jere a kan katako, kowanne kamar ka hura masa iska ya tafi. Aikin farko da ya ba ni shi ne yanka falankai, sirara kamar tsinken tsintsiya, in kara su a bakin butar shayi tururi ya tausasa su, in lanƙwasa a jikin haƙarƙarin jirgi, in danne da maƙalen shanya. Na yini na jera su, ina jin kaina. Ya zo ya rufe ido, ya bi jikin jirgin da babban yatsa, ya tsaya a wani wuri, ya ɓalle falankin, sannan ya ɓalle na kusa da shi don kada ya ji kaɗaici. Haka muka yi ta yi har damina ta wuce.

Kayan aikin ba su da yawa, amma kowanne yana da halinsa. Akwai zarto mai haƙora kamar na kifi, akwai hantsaki da nake ƙulla igiyoyi da shi, akwai tabarau mai girmama abu wanda ke sa Hajiya ta ce na koma mujiya. Zaren igiya sai an ja shi cikin kakin zuma, in ba haka ba ya yi gashi. Atishawa ɗaya tana iya ɓatar maka da anga, ƙugiyar tsayar da jirgi, ka yi ta rarrafe kana nemanta, daga ƙarshe ka same ta maƙale a gemunka. Sai kuma gam. Mista Otis ba ya taɓa gam ɗin kwalba. Nasa na fata ne, irin na mutanen da, ana narka shi a ƙaramar tukunya, warinsa kamar ana babbake ƙafar saniya. Yana riƙe katako shekara da shekaru, amma yana da maƙiyi ɗaya. Ranar da na fara cin gashin kaina, nasihar da ya yi min ke nan: "Bala, rana ba komai, ƙura ba komai. Ruwa ne kawai kada ya kusance shi, musamman mai ɗumi." Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Masu saye kuwa yawancinsu a Irving Park suke, inda daga ƙofar gida zuwa titi ma tafiya ce. Akwai wanda ya zo da abin awo ya auna min sandar ƙyalle, ya ce ta ɗara da kaurin farce. Akwai matar da ta kawo min ƙyallen labulenta ta ce jirgin ya dace da shi. Akwai wanda ya ce in sassaƙa karensa in zaunar a kan jirgin da ya yi tsere kafin a haifi kakan karen. Na sassaƙa. Ya ce bai yi kama da shi ba, idon ya cika tausayi.

To, sai shekarar da aka rufe gari saboda annoba. Kawu Mamman ya zo bikin ɗiyarmu Fati da niyyar 'yan makonni, aka ɗaura aure, aka watse, sai jiragen sama suka daina tashi. Kawu ya zauna. Aiki kuma ya tsaya cak, babu mai tunanin jirgin falo alhali ana wawar sabulu a kantuna. Hajiya tana koyarwa ta kwamfuta daga ɗaki, ita ke riƙe da gidan, ta yi haƙuri har ya ƙare. Wata rana ta tsaya a ƙofar gareji ta ce, "Baban Fati, Sani ya ce suna ɗaukar ma'aikata a warehouse ɗinsu." Sani ɗan ƙanwarta ne, yana kula da masu cusa kaya a kwali a wani babban ɗakin ajiyar kaya. Ta ce, "Aikin nan ɗaya da ya rage maka, in ya fita lafiya, to. In bai fita ba, mota ta dawo garejinta, kai kuma ka tafi wurin Sani." Ban yi musu ba, domin gaskiya ta faɗa. Amma na hango kaina da furfurata, yaron da na yi wa huɗuba yana ce min in ɗaga ƙafa.

Aikin na wata mata ce, Madam Suzan. Mahaifinta, Mista Harold, ya haura casa'in, kuma yana ƙarami kakansa ya taɓa ɗaukarsa a wani jirgin tsere, bai daina labarin ba har tsufa. Ta kawo min tsofaffin hotuna ta ce a yi masa kwafinsa don bikin ranar haihuwarsa. Na zuba duk abin da na iya a jirgin nan. Kawu kuma ya jawo kujera ya kafa a gefena, tunda ba shi da wurin zuwa.

"Wai wa za shi shiga wanga jirgi?" ya ce. "Ɓera?"

"Kawu, na kallo ne."

"A yi jirgi don kallo. To, Allah shi kyauta."

Kullum da abin da zai tsinta. Katakon bai kai maɗaci ba. Gindin ya cika tsini, a Yauri yashi zai kama shi. Ƙyallen ya yi yawa, masu shi ba su da aikin yi. Da na gama fenti, ya ɗaga jirgin saitin fitila, ya kanne ido ɗaya, ya daɗe yana leƙe tsakanin falankai.

"Bala, ina ganin haske. Wanga jirgi bai sha ruwa ba."

Ku da aka haifa a nan ba za ku gane ba. A wurinmu in an gama sassaƙa jirgi, ba a miƙa wa mai shi a bushe. Sai an ja shi bakin kogi an cika masa ciki da ruwa an bar shi, katako ya sha ya kumbura, duk wata kafa ta toshe da kanta. Masassaƙin da ya tsallake wannan, ko a wurin suna ba a ba shi tabarmar gaba. Na yi dariya na ce masa wannan ba ya shiga ruwa. Ya ce, "Jirgi ne ko ba jirgi ba?" Na ce jirgi ne. Ya ce, "To." Na ɗauka magana ta ƙare.

Ana gobe za a kai aiki, na fita da hantsi zuwa Gate City Boulevard in karɓo akwatin gilashin, na biya kanti na sayo wa Hajiya attarugu da garin semo. Layi ya riƙe ni, ban dawo ba sai bayan azahar. Na shiga gareji rungume da gilashi, na ga mazaunin jirgi wayam. Na fito falo, ga Kawu a kan sallaya yana jan carbi, fuskar nan fes.

"Na rage maka aiki," ya ce. "Yana makewayi."

Na tura ƙofar banɗaki. Jirgina na zaune a baho, an tokare shi da gwangwanayen tumatir hagu da dama don kada ya kife. An cire murfin ramin da ke samansa an ɗura masa ruwa da buta har wuya. Madubi ya yi gumi. Na tsoma yatsa, ruwan da ɗuminsa.

"Ruwan ƙasar ga sanyi gare shi," in ji Kawu daga bayana. "Na sirka mashi."

Na ciro shi yana tsiyaya. Daɓen samansa ya tashi ya yi tudu da kwari kamar tabarmar da ta kwana a ruwan sama. Fenti ya yi ƙuraje. Ƙaramin ɗakin matuƙi ya saki, yana yawo shi kaɗai kusa da sabulu. Warin ƙafar saniya ya cika gidan. Raina ya ɓaci ƙwarai, amma ƙanin uwa ne, da wane baki zan fara? Shi kuma ya ɗaure fuska ya ce, "Ka fidda shi da wuri."

Hajiya ta fito daga ajinta da tabarau a goshi, ta dubi jirgin, ta dube ni, ta dubi gwangwanayenta. Ta ce, "Sannu da aiki, Kawu." Sannan ta rage murya. "Baban Fati, in kira Sani ne, ko za ka kira shi da kanka?"

Na ɗauko abin busar da gashi da Fati ta bari, na hura masa iska, ya ƙara karkacewa. Na mayar da abin da zai mayu, na ɗaure abin da zai ɗauru. Daga nesa, in ka cire tabarau, jirgi ne. Na ce zan buga wa Madam Suzan waya in ba ta haƙuri. Kawu ya ce atafau. A Yauri ba a aika saƙo kan jirgi, wanda ya sa hannu a jikinsa shi ke tsayawa gaban mai shi, kuma tunda shi ya shayar da shi, da shi za a je. Washegari ya zuba babbar riga, ya ɗora hula, ya sa takunkumi a haɓa, ya riga ni shiga mota.

A bayan gida aka karɓe mu, saboda ba a shiga ɗakunan mutane a lokacin. Ga kwamin iyo shuɗi shar, ga teburin kek, ga 'yan uwa tsaye nesa da juna. Mista Harold na zaune a keken guragu da bargo a gwiwa. Na yaye zanen da na rufe jirgin. Madam Suzan ta dafe ƙirji.

"Mista Bala, me ya same shi?"

Na faɗa mata yadda aka yi, ban rage komai ba, har gwangwanayen. Na ce ba zan karɓi ko sisi a kansa ba. Ta ce ai dama babu wannan maganar. Kawu ya ga ana nuna shi, sai ya matso ya fara jawabi da Hausa, hannu a baya: cewa ɗan ƙanwarsa yaron kirki ne, hannunsa na da kyau, amma bai ƙarasa koyo ba ya gudu boko. Na fassara rabin farko.

Tsohon yana ta kallon jirgin. Can ya ɗago.

"Ya yi iyo?"

Kawu ya ce, "Mi Alhajin ga ke cewa?" Na faɗa masa. Ya ce, "Gaya mashi ba a ba shi dama ba."

Mista Harold ya nuna gidan da yatsa. Ya ce ɗakin karatunsa cike yake da jirage a gilashi, 'ya'ya da jikoki kowa shi yake kawo masa, bai taɓa ganin ko ɗaya a jiƙe ba. Sannan ya nuna kwamin ya ce a saka shi.

"Daddy, a'a," in ji Madam Suzan.

"Ranar haihuwar wa ake yi?" ya ce.

Kawu bai jira fassara ba. Ya naɗe hannun riga, ya tsinci tsakuwa a gindin furanni ya zuba a cikin jirgin don ya zauna daidai, ya durƙusa a bakin ruwa, ya yi bismilla, ya tura. Wata 'yar iska ta taso ta cika ƙyallen. Jirgin ya ɗan kwanta gefe ɗaya, ya miƙe, ya fara tsaga ruwa. Duk shekarun da na yi ina wannan sana'a ban taɓa ganin aikin hannuna yana tafiya ba, kuma wallahi na ji daɗi, har na manta ni ake shirin kaiwa wurin Sani. Tsohon ya ɗaga hannu yana ihu da wasu kalmomin matuƙa da ban sani ba. Da jirgin ya kai tsakiya, sai wani falanki ya buɗe, na kusa da shi ya bi. Hancin ya sunkuya, gindin ya ɗaga, sandar ƙyalle ce ta shige ƙarshe. Ba abin da ya rage sai kumfa.

Kawu ya miƙe ya karkaɗe gwiwa, ya juyo gare ni a gaban mutane.

"Ka gani? Ka fidda shi bai ƙoshi ba."

Mista Harold ya tambaye ni me Kawu ya ce. Wannan karon na fassara duka. Tsohon ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, aka kawo masa ruwa. Da ya samu numfashi ya ce, "Ka yi min wanda zai kai wancan bakin. Ka zo da wannan mutumin. Kuma kada ku daɗe, ni ba yaro ba ne."

A mota Kawu ya ce, "Na samo maka aiki, ko godiya babu." A gida Hajiya ta saurari labarin ta ce wannan ba fita lafiya ba ce, ba kuma faɗuwa ba ce, don haka lambar Sani tana nan a hannunta har sai ta ga jirgi ya haye.

Ƙera jirgin da zai yi iyo wata sana'a ce daban, kuma ni da Kawu mun yi ta a gareji ɗaya ba tare da an kira 'yan sanda ba. Na ajiye tukunyar gam ɗin fata na sayo wanda ba ya jin ruwa, ina neman gafarar Mista Otis a zuciya. Kawu ya narka darma a tsohuwar tukunyar Hajiya muka zuba a gindin jirgi. Ya dage sai an cusa auduga tsakanin falankai kamar yadda ake yi a gida. Yatsunsa ba sa shiga, ni nake cusawa da allura, shi yana tsaye a kaina yana cewa ban iya ba. Da muka gama ya shayar da shi a baho, da ruwan sanyi, ni kuma na zauna a bakin ƙofa ina gadi. Ranar gwaji jirgin ya haye kwamin ya bugi wancan bakin, aka juyo shi ya dawo. Maƙwabtan tsohon suna leƙe ta saman shinge, kafin sanyi ya shigo wasu daga cikinsu sun nemo lambata. Motar Hajiya har yau a waje take kwana.

Da aka buɗe hanya Kawu ya koma. An ce yana gaya wa mutane a bakin kogi cewa ya je Amurka ya tarar da ɗansa yana ƙera jirage masu tsoron ruwa, shi ya yi musu magani. Jirgin da ya nutse kuwa da ragar kwashe ganye aka kamo shi. Shi ne karkataccen nan na kan kanta, wanda kuke tambayata ko shi na fara koyo da shi.

Bara Madam Suzan ta zo nan da jirgin nan mai iyo a hannu. Mahaifinta ya rasu. Ta ce kusan kullum da yamma sai an gangara da shi bakin kwami ya saki jirginsa. Na karɓa na duba. Rana ta cinye fentin, ƙyallen ya yi dabbare-dabbare, hancin ya goge saboda bugun siminti. Duk jiragen da na ƙera, shi kaɗai ya dawo min da tsufa. Ta ce in sabunta shi in yi masa akwatin gilashi. Na ce akwati zan yi, fenti kuwa ta bar shi yadda yake. Ta ce to.

Na buga wa Kawu waya na faɗa masa. Ya yi wa tsohon kyakkyawan zance, sannan ya ce, "Yanzu kai ma za ka kulle shi cikin kwalba?"

Na ce, "Na sa wa akwatin ƙofa, Kawu. Akwai jikoki."

Ina jin ƙarar gizago a bayansa.

"To ka gaya masu," ya ce, "in ya daɗe a ciki, su shayar da shi tukuna."